Yadda Ake Gano Abin da Ya Raunana Ruwan Zafi a Famfon Gida

Yawanci sai hunturu ya kama, wajen watan Disamba ko Janairu, ake tunawa da hitar ɗumama ruwa da ke rataye a banɗaki, bayan ta shafe wata takwas ko tara ba wanda ya taɓa makunninta. A lokacin ne maigida kan tarar cewa idan ya murɗa famfo wajen sanyi ruwa na zuba da ƙarfinsa, amma da zarar ya juya shi wajen zafi sai ruwan ya tsuke ya zama siriri, ba ya ko iya hawa kan shawa, balle ya wanke wa mutum sabulu. Da yawa daga nan sukan yanke hukuncin cewa hitar ta mutu, wasu kuma su aika a sayo injin ƙara ƙarfin ruwa, alhali mafi yawan lokuta abin da ya faru toshewa ce a wani ɗan wuri da bai fi kan yatsa girma ba, wanda sifana guda da aikin rabin awa za su iya buɗewa.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne hita ba ta da wani ƙarfi nata na tura ruwa. Aikinta ɗumamawa ne kawai. Ruwan sanyin da ke shiga cikinta shi ne yake turo na zafi ya fito, kuma a gidajen da ke amfani da tankin sama, ruwan zafi da na sanyi duka daga tanki ɗaya suke saukowa. Saboda haka idan na sanyi yana da ƙarfi na zafi ba shi da shi, tankin ya fita daga zargi, sai a nemi inda hanyar ruwan zafi ta ƙuntata, tun daga inda bututunsa ya rabu da na sanyi har zuwa bakin famfo. Hanyar nan tana da tsawo, tana kuma da mashigai da yawa, don haka hikimar aikin ita ce a bi ta daki-daki, a fara da abin da hannu ke iya kwancewa kafin a kai ga abin da sai an fasa bango.

Kafin a taɓa komai, a auna. Ido yana ruɗi a wannan sha'ani, musamman idan an zo gwada ko gyaran da aka yi ya yi amfani. A samu bokitin fenti mai cin lita 20, a ajiye shi ƙarƙashin famfo, a buɗe ɓangaren sanyi har ƙarshe, a duba agogon waya a ga minti nawa ya ɗauka kafin ya cika, sannan a zubar a sake yi da ɓangaren zafi. Bokitin da ya cika cikin minti uku yana nufin kusan lita 7 ke zuba a minti ɗaya, kuma wannan ya isa wanka da shawa ba tare da takura ba. Ba abin mamaki ba ne ruwan zafi ya ɗan gaza na sanyi, tunda yana bi ta cikin bawul (makunnin da ke buɗe hanyar ruwa ko rufe ta) da tukunyar hita da ƙarin bututu, amma idan na sanyi ya cika bokitin a minti uku na zafi kuma sai da ya kai bakwai ko takwas, to lalle akwai toshewa. A rubuta alƙaluman a takarda, domin za a sake komawa kansu bayan kowane mataki.

Haka kuma yana da kyau a san iyakar ƙarfin da tankin gidan zai iya bayarwa tun asali. Ƙarfin ruwan da ke saukowa da kansa ya dogara ne ga tazarar tsayi tsakanin saman ruwan da ke cikin tanki da bakin da ruwan zai fita, kuma kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kimanin bar 1 a ma'aunin matsin ruwa. Girman tankin ba ya ƙara komai. Tanki mai lita 5,000 da mai lita 1,000 ƙarfinsu ɗaya ne idan saman ruwansu yana tsayi ɗaya. Idan ruwan tanki yana mita 7 daga ƙasa, kan shawa kuma yana mita 2, abin da ya rage mita 5 ne, wato rabin bar. A banɗakin bene, inda kan shawa zai iya kaiwa mita 5 daga ƙasa, mita 2 ce kawai ta rage, wato kashi ɗaya cikin biyar na bar. Yawancin famfunan da ke gauraya zafi da sanyi waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Sin an ƙera su ne don gidajen da ruwansu ke da matsin bar 1 zuwa 3. Wannan ne ya sa ɗan dattin da ba zai dami kowa ba a gidan da ruwa ke da ƙarfi, a gidan tankin sama shi kaɗai ya isa ya tsayar da shawa.

Tambayoyi biyu ke rage wa mai bincike wahala. Ta farko, famfo ɗaya ne ruwan zafinsa ya raunana ko duk famfunan da ke shan ruwa daga wannan hitar? Idan ɗaya ne, matsalar tana jikin famfon ko 'yan kayan da ke kusa da shi. Idan duka ne, tana jikin hitar ko bututun da ke shiga da fita daga cikinta. Ta biyu, a hankali ƙarfin ya riƙa raguwa ko rana ɗaya aka wayi gari da shi? Raguwa a hankali alama ce ta taruwar datti ko tsatsa. Raguwar farat ɗaya kuwa, musamman bayan tanki ya ƙare ƙaf ko bayan wani gyara da aka yi, ta fi nuna iska ta shiga bututu, ko an bar wani bawul a rabin buɗe, ko wani guntun datti ya ɓalle ya je ya tsaya a mashigi.

A fara daga bakin famfo

A bakin yawancin famfunan wanke hannu da na kicin akwai wata 'yar rariya da ake murɗawa a cire, ita ce ke sa ruwa ya fito da laushi ba tare da fallatsi ba. A naɗe ta da tsumma don kada filaya ta kankare mata fenti, a kwance ta, a duba cikinta a wurin haske. Sau da yawa za a ga tsakuwoyin yashi da wasu fararen ɓarɓashi kamar dakakken ɓawon ƙwai sun cika ramukanta. A buɗe ruwan zafi alhali rariyar tana cire. Idan ya zubo da ƙarfi, an gama bincike. Haka ake yi wa shawa: a cire kanta daga jikin tiyo, a duba 'yar rariyar da ke maƙale a wuyanta, a kuma gwada ruwan da tiyon kaɗai. Fararen ɓarɓashin suna narkewa idan aka jiƙa kayan a ruwan khal (binega) na awa biyu ko uku, ko a ruwan lemun tsami idan shi ke kusa, sannan a goge da tsohon buroshin haƙori. Kada a yi amfani da ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil, domin suna cin ƙarfen famfon da robobin da ke cikinsa.

Mai lura zai ce, ai rariyar nan ruwan zafi da na sanyi duka ta cikinta suke bi, don haka da ita ce ta toshe da dukansu sun raunana. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a cika samun cikakkiyar waraka a nan ba. Amma tsabtace ta aikin minti biyar ne, kuma irin dattin da aka tarar a cikinta yana faɗin abin da za a iske a gaba: yashi daga rijiyar burtsatse yake, jan gari tsatsar bututun ƙarfe ce, farin ɓawo kuma daga cikin hita ya fito.

Daga nan sai a leƙa ƙarƙashin kwamin wanke hannu, inda ƙananan bawul biyu suka fito daga bango, kowanne da tiyo mai saƙar ƙarfe da ya haɗa shi da famfo. Na hagu shi ne na zafi a bisa al'adar masu aikin famfo. A tabbatar an buɗe shi har ƙarshe, domin ba sau ɗaya ba ake samun wani ya rage shi da nufin hana ɗiga ya kuma manta. Sai a rufe shi, a kwance tiyon daga wajen famfo, a saka bakinsa a bokiti, a buɗe. Idan ruwa ya fito da ƙarfi, toshewar tana cikin famfon kansa, wato a cikin ɗan kwanson da hannun famfo ke juyawa, wanda ke da ƙananan ƙofofi biyu, ta zafi da ta sanyi, kuma ta zafin ce ke fara cikewa da ɓawo. Ana iya ciro shi a jiƙa a ruwan khal, ko a tafi da tsohon kasuwa a sayo irinsa, domin girmansu ya bambanta kuma kwatance da baki ba ya wadatarwa. Idan kuwa ruwan ya fito da rauni daga tiyon, sai a cire tiyon gaba ɗaya a gwada bawul ɗin shi kaɗai. Waɗannan tiyo suna da ha'inci: daga waje saƙar ƙarfen tana ƙyalli kamar sabuwa, amma robar da ke ciki zafi yakan sa ta kumbura ko ta lanƙwashe ta toshe hanya, kuma masu arha daga cikinsu raminsu bai fi na tsinken biro ba tun suna sababbi. Duk tiyon ɓangaren zafi da ya yi shekaru, ni ina ganin canza shi ya fi wanke shi.

Wajen hita

Idan duk famfunan da hitar ke ba ruwa sun raunana tare, nan ne aikin yake, kuma nan ne ake bukatar natsuwa. A kashe makunnin hitar, a kuma sauke abin yanke wutarta a akwatin rarraba wuta na gidan, kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ana iya dawo da ita hannun mutum yana cikin ruwa. Sannan a bar ruwan ya huce, ko a buɗe famfon zafi ya yi ta zuba har sai ya koma sanyi.

Hitar da ake ratayewa a bango, ko mai lita 15 ce ko 30 ko 50 ko 80, tana da bakuna biyu a ƙasanta. Mai shuɗin zobe na shigar ruwan sanyi ne, mai jan zobe na fitar ruwan zafi. A rufe bawul ɗin da ke kawo mata ruwa, a kwance tiyon jan baki daga wajen bango, a nufi bokiti da shi, sannan a sake buɗe bawul ɗin. Idan ruwa ya fito da ƙarfi, hitar lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin bututun da ya tashi daga nan zuwa famfuna. Idan ya fito da rauni, a sake rufewa, a kwance tiyon shuɗin baki daga jikin hitar, a gwada shi ma a bokiti. Raunin ruwa a nan yana nufin tun kafin ya iso hitar aka tauye shi. Ƙarfinsa a nan kuma, alhali a jan baki ba shi da ƙarfi, yana nufin tsakanin bakunan biyu abin yake, kuma wanda za a fara tuhuma shi ne ɗan bawul na tagulla da ke ɗaure a shuɗin bakin.

Wannan bawul ya cancanci a tsaya a kansa, domin a gidajen tankin sama yana cikin wuraren da suka fi toshewa, kuma shi ne aka fi yi wa gyaran ganganci. Ayyuka biyu yake yi. Na farko, yana barin ruwa ya shiga hita amma ba ya barinsa ya koma baya, don kada tukunyar ta zube idan tanki ya ƙare. Na biyu, idan matsin da ke cikin tukunyar ya wuce ƙima, yana buɗe wani ɗan baki a gefensa ya zubar da rarar. A cikinsa akwai ɗan marfi da sifirin ke dannewa, wanda sai ruwa ya ture shi kafin ya wuce. A gidan da ƙarfin ruwa bai fi rabin bar ba, wannan turewar kaɗai tana cin wani kaso na ƙarfin, to ina ga yashi ya taru a bayan marfin ko ɓawo ya kama sifirin ɗin? Wanda ya taɓa kwance irin wannan bawul bayan shekara huɗu ko biyar na ruwan burtsatse ya san kamanninsa: idan aka ɗaga shi sama aka leƙa, haske da ƙyar yake ratsawa, idan aka danna marfin da tsinke sai a ji ya cije, sannan ya saki da ɗan ƙaras-ƙaras na yashi. A tuna cewa da zarar an kwance shi ruwan da ke cikin tukunyar zai zubo gaba ɗaya, don haka a tanadi bokitai. A jiƙa shi a ruwan khal, a wanke, a ga ko marfin yana motsi sumul. Idan bai saki ba a sayi sabo mai lambar matsi daidai da wadda ke rubuce a jikin tsohon, a naɗa farin tef a zarensa, a ɗaura shi kibiyar da ke jikinsa tana kallon hitar.

Abin da ba a yi shi ne a cire bawul ɗin a haɗa tiyo kai tsaye, ko a ƙwaƙule cikinsa, ko a toshe ɗan bakin gefen saboda yana ɗiga. Wasu masu gyara sukan ba da wannan shawara, kuma gaskiya ruwa yakan ƙara ƙarfi nan take, shi ya sa maigida ke yarda. Amma ruwa yana kumbura idan ya yi zafi: lita 50 da aka ɗumama daga digiri 25 zuwa 60 tana ƙaruwa da fiye da rabin lita, kuma ɗigar da ake gani lokacin da hita ke aiki wannan rarar ce ke neman hanya. Idan aka toshe mata hanya, ranar da na'urar da ke kashe wuta idan ruwa ya yi zafi ta lalace, tukunyar tana iya fashewa. Idan kuma aka cire marfin hana komawa baya, duk ranar da tanki ya ƙare ruwan hitar zai iya sulalewa, ƙarfen ɗumamawa ya ƙone a bushe.

Idan bawul ɗin yana da lafiya amma har yanzu ruwa ba ya ratsa hitar da ƙarfi, to cikinta ne ya cika. Ruwan da ya ratso ƙasa mai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake samu a kewayen Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe, inda aka kafa masana'antun siminti saboda wannan dutsen, yakan ɗauko sinadarin kalsiyam a narke. Idan aka ɗumama ruwan sai sinadarin ya rabu da shi ya zama ɓawo, kuma abin yana ƙaruwa sosai idan zafin ya haura digiri 60. Uwargida takan riga kowa sanin ko ruwan gidan irin wannan ne, domin ita ke ganin farin ɓawo a gindin butar dafa ruwa, ita ke kuma fama da sabulun da ba ya kumfa. A cikin hita ɓawon yana manne wa ƙarfen ɗumamawa, ya yi kauri, ya farfashe, ya zube a gindin tukunya daidai inda ruwan sanyi ke shigowa, wani kuma ya bi bututun fita ya tsaya a wuyansa. Alamarsa ita ce ƙara kamar ana soya gyaɗa idan hitar tana aiki, da jinkiri wajen yin zafi.

Wanke cikin tukunya yana bukatar a zubar da ruwan, a kwance wayoyin wuta, a cire faifan da ke riƙe da ƙarfen ɗumamawa, a kwashe ɓawon da hannu, a ɗauraye. Wanda bai saba da aikin lantarki ba ya kira mai gyara, ya tsaya a kansa. Idan an buɗe, a duba sandar magniziyam da ke ciki, wadda aka saka don tsatsa ta ci ta maimakon ta ci tukunyar; idan ta cinye a canza ta, a canza robar faifan ita ma. A leƙa cikin jan bakin, domin idan an ɗaura masa mahaɗin baƙin ƙarfe, tsatsa takan taru a daidai wurin har ramin ya kusa rufewa. Bayan an mayar da komai, a buɗe famfon zafi, a bar hitar ta cika har ruwa ya zuba ba tare da tari ba, sannan a kunna wuta. Game da zafin da za a saita, digiri 55 zuwa 60 ya fi dacewa. Sama da haka ɓawo ke yawa, ƙasa da haka sosai kuma ƙwayar cutar Legionella, wadda ke yaɗuwa a ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 45 tana kuma haddasa ciwon huhu, takan samu wurin zama. Saboda wannan ne hitar da ta yi watanni a kashe ya kamata a bar ta ta yi zafi sosai, a zubar da ruwan farko, kafin a yi wanka da ita. A kula da yara, domin ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan.

Hitar da ke ɗumama ruwa nan take, wadda ba ta da tukunya, hukuncinta daban ne. Tana da 'yar rariya a mashigarta da ya kamata a riƙa wankewa, amma ko tana da tsabta ruwanta ba zai yi yawa ba, domin lissafin wuta bai yarda ba: mai ƙarfin kilowat 3.5 lita biyu da rabi kawai take iya ƙara wa zafin digiri 20 a minti ɗaya, mai kilowat 5.5 kuma kusan lita 4. Wanda ya buɗe mata hanya don ruwa ya ƙaru zai samu ruwa mai yawa amma mai ɗumi-ɗumi.

Iska da bututun cikin bango

Idan ruwan zafi yana fita yana tari, yana tofi, ya zo ya ɗauke, kuma abin ya fara ne bayan tanki ya ƙare, iska ce ta maƙale a wani wuri mai tudu na bututun, galibi inda ya hau saman silin kafin ya sauko. Ƙarfin tankin sama ba koyaushe yake isa ya kore ta ba. A kashe wutar hita, a kunna sumo, wato injin jawo ruwa daga rijiya, a cika tanki har baki, a buɗe duk famfunan zafi a lokaci ɗaya, sannan a cire kan shawa a ajiye bakin tiyonta a ƙasan banɗaki. Saukar da bakin da kusan mita 2 yana ƙara wa ruwan ƙarfin ja, kuma sau da yawa za a ji iskar ta fito da gurnani, ruwa ya biyo baya. Gidan da wannan ke yawan faruwa yana bukatar bututun shaƙar iska a kan babban layin da ya fito daga tanki, wanda zai miƙe sama ya wuce tsayin tankin, tare da na'urar da ke kunna sumo da kanta kafin ruwa ya ƙare.

Idan gwajin da aka yi a jan baki ya nuna hitar tana ba da ruwa da ƙarfi, famfuna da tiyonsu kuma an tabbatar da lafiyarsu, saura bututun da ke cikin bango. A tsofaffin gidajen da aka yi wa aiki da bututun ƙarfe, tsatsa tana girma daga ciki, ta fi kuma sauri a layin zafi, har bututun rabin inci ya koma ba ya wuce tsinken tsintsiya. Alamarsa jan ruwa da safe idan aka fara buɗe famfo. Wannan ba ya wankuwa, sai canji.

A sababbin gidaje kuwa, inda ake amfani da koren bututun roba na PPR, matsalar daga hannun mai haɗawa take fitowa. Ana haɗa shi ne da injin da ke narka bakinsa a zafin digiri 260, kuma bututu mai milimita 20 daƙiƙa 5 kawai yake bukata a kan injin, mai milimita 25 kuma daƙiƙa 7. Idan aka bar shi ya daɗe, ko aka danna shi da ƙarfi fiye da kima cikin gwiwa, wato mahaɗin da ke karkata bututu, narkakkiyar robar takan taru a ciki ta zama zobe. Ramin bututun milimita 20 mai kaurin da ake sa wa ruwan zafi kimanin milimita 13 ne kawai tun asali, don haka ba shi da rarar da zai bayar. Na taɓa ganin gwiwar da aka yanko daga bayan hita a wani sabon gida, wadda daga waje ba ta da aibi ko kaɗan, amma da aka leƙa cikinta fensir bai iya shiga ba, kuma masu gidan sun riga sun canza hita sau ɗaya a banza. Abin da ke tona irin wannan shi ne tarihi: idan ruwan zafi bai taɓa yin ƙarfi ba tun ranar da aka tare a gidan, ba datti ba ne, aikin ne aka yi shi haka. Kafin a fasa tayil, a fara yanke mahaɗan da ke fili, na saman silin da na kusa da hita, domin sau da yawa a can ake samunsa. Farin bututun PVC na ruwan sanyi kuma, idan aka same shi a layin zafi, a cire shi, domin zafi yana sa shi laushi ya lotsa.

Yoyo a ɓoye ma yana rage ƙarfi, ko da yake sai ya yi girma. A rufe duk famfunan gida da dare, a sa alama a matakin ruwan tanki, a duba da asuba. Idan ya sauka, kuma akwai wani wuri a bango ko a daɓe mai damshi da ɗumi, ko fitilar hita ba ta cika mutuwa ba, to layin zafi yana zubarwa.

Sai bayan an bi duk waɗannan, an kuma ga cewa ruwan zafi da na sanyi sun kusa daidaita a gwajin bokiti amma dukansu ba su gamsar ba, sannan maganar ƙara ƙarfi ta taso. Ɗaga tanki yana ƙara kashi ɗaya cikin goma na bar a kowace mita, amma tanki mai lita 2,000 idan ya cika nauyin ruwansa tan 2 ne, don haka ba aikin da za a ba mai walda ya ƙara wa ƙafafun ƙarfe tsawo da ka ba ne. Faɗaɗa babban layin da ya sauko daga tanki zuwa inci ɗaya ko fiye, da jan layi na musamman zuwa hita maimakon a ɗauko mata daga ƙarshen layin banɗaki, sau da yawa ya fi arha kuma ba ya cin wuta. Idan injin ƙara ƙarfi za a saka, a ɗaura shi a kan babban layin kafin ya rabu zuwa zafi da sanyi, don ɓangarorin biyu su samu ƙarfi ɗaya. Idan aka sa shi a ɓangare ɗaya, mai wanka zai yi ta fama da ruwan da ke sauyawa tsakanin ƙuna da sanyi. A sa masa rariya a gabansa saboda yashi, a yi masa layin kewaye mai bawul don ruwa ya samu hanya ranar da babu wuta, a kuma duba lambar matsin da ke jikin hitar a tabbatar injin bai kai ta ba. A makon farko bayan an kunna shi a riƙa zagayawa ana duba mahaɗai da ƙarƙashin kwamin wanke hannu, domin haɗin da ya yi shekaru yana riƙe rabin bar ba tare da ɗiga ba yana iya sakin ruwa idan aka kai shi bar 2.